Kasuwar da Ta Buɗe da Wuri

"Sake karanto mini daga farko," in ji Mai Gyara, "kin haɗiye harafi ɗaya."

Tela ta gyara zama a bakin gadonsa, kwamfutar na kan cinyarta, hankalinta kuwa yana can ɗakinta inda ta bar rigar mutane a ƙarƙashin allura. Ta sake farawa, shi kuma yana bin takardarsa da gilashin ƙara girma.

Shekara talatin da ɗaya tsohon ya yi yana gyaran rubutu a wani gidan buga littattafai, har sunan aikin ya cinye nasa. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, kuma maganin da ke sassauta masa raɗaɗi ya yi ɓatan dabo a shagunan magani. Wani tsohon abokin aikinsa ne ya nuna masa wata ɓoyayyiyar kasuwa a intanet, mai adireshi kamar an zubar da akwatin haruffa, sama da hamsin, babu ma'ana ko ɗaya. Ƙofofinta da yawa, madubi suke ce musu, ɓarayi kuma sukan gina nasu masu kama da na gaske sak. Shi ya sa ba ya shiga sai an yi irin ta gidan buga littattafai: ɗaya na karantawa, ɗaya na bi.

Tela maƙwabciyarsa ce, ƙofa da ƙofa, kuma Allah ya zuba mata son jin ƙwaƙwaf. Tun ranar farko take tambaya: wa ke tsaron kasuwar? Suna da iyali? Ina suke ajiye kayan?

"Baba, yau fa ta ƙi buɗewa," ta ce, bayan sun gama karo na uku. "Amma ga saƙo sun turo maka. Wai tsohuwar ƙofa ta rufe, ga sabuwa."

"Kada ki taɓa. Sai na ji daga bakin abokina."

"Abokin da kwana uku ba ya ɗaukar waya?"

Ciwon ya taso, ya juya fuska ga bango yana nishi ƙasa-ƙasa, don kada ta ji. Ta kalli kwalbar maganin a kan tebur, saura ƙwaya shida. Tausayi ya kama ta, ga kuma son ganin abin da ke bayan sabuwar ƙofar. Ta latsa.

Nan take ta buɗe. Launi ɗaya, hotuna ɗaya, har da gaishe shi da fatan samun sauƙi. Ta sa kalmar sirrinsa, da ma ita ke buga masa, ta zaɓi maganin, ta biya.

"Tsohuwar ta buɗe, Baba. Na gama."

"Har kin gama?" ya ce, bai juyo ba.

Washegari ya sa 'yarsa ta ja gadon zuwa jikin taga, inda yake hango titi. Duk babur ɗin da ya rage gudu sai ya ɗaga kai, ko mai kawo maganin ne. Ƙwayoyin suka ƙare ranar Laraba. Tela kan leƙa shafin sau biyar a rana, kullum magana ɗaya: kayanka suna hanya. A rana ta tara tsohuwar ƙofar ta dawo aiki, ta ƙi karɓar kalmar sirrin. A nan ta gane ƙofar ɓarayi ta shiga, sun kwashe kuɗin da kalmar sirrin.

Ta yi kwana biyu tana kewaye ƙofarsa kamar mai neman abin da ta yar. Daga ƙarshe ta shiga, ta durƙusa, ta faɗa masa komai, kunya da nadama sun hana ta ɗaga ido.

"Na sani," ya ce. Muryarsa ta zama siririya. "Ta gasken ba ta taɓa buɗe mini ba sai na ƙosa. Kuma ba su san gaisuwa ba."

"Ka sani, ka bari aka ja maka gado bakin taga?"

"Na ce ko ni ne na yi kuskure. Ya taɓa faruwa, sau biyu a shekara talatin da ɗaya." Ya yi ɗan murmushi. "Kawo su in gani. Jera mini su gefe da gefe."

Ta zaci faɗa zai yi. Maimakon haka ya kafa gilashinsa a kan shafukan biyu, yana duba gefe, yana duba tazarar layi, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Wannan ya iya aiki," ya ce. "Dubi yadda ya daidaita komai. Da a wurinmu ya zo, da na ɗauke shi. Kina ganin yaro ne ko babba?"

"Baba, ɓarawo ne."

"Ai ban ce ba ɓarawo ba ne. Ina dai son in san wa ya koya masa."

Ta fashe da kuka. Ya bar ta sai da ta yi mai isarta, sannan ya ce ta je ta ƙarasa rigar mutane, ya yafe, kada ta sake tayar da maganar.

Da likita ya ji labari wurin 'yar, ya yi ta faɗa, ya ce ko maganin kasuwar gasken ma wa ya san me ake cusawa a ciki. Ya samo wani maganin a asibiti, wanda ke sa barci fiye da sauƙi. Ya ce wa Tela ba rashin maganin ne zai kashe shi ba, kwanansa da ma ƙidayayyu ne. Ta ji, amma ta san kwana goma sha ɗaya na nishi daga hannun wa suka fito.

Ya rasu ranar Asabar da hantsi, 'yarsa na riƙe da hannunsa.

Da mutane suka watse, 'yar ta kira Tela ta taya ta kwashe ɗakin. Suka naɗe katifa, suka kama gadon, ɗaya ta kai, ɗaya ta ƙafa. Suna cikin ɗagawa wani babur ya rage gudu a ƙofar gida. Duka biyun suka tsaya cak, gadon a hannunsu, har ƙarar ta wuce ta sha kwana.