Ruwa Iya Gwiwa

Akwatin wutar gidan famfo ya nutse, injina biyun suka mutu a daidai ranar da aka kafa su dominta. Ni na yi waldar ƙarfen da akwatin yake zaune a kai, shi ya sa har yau wasu ke kallona ta gefen ido. Ƙarfena bai motsa ba. Tsayinsa ne bai kai ba, kuma ba ni na yanke tsayin ba.

Unguwar a cikin kwari take. Ni baƙo ne a wurin. Da rani na kama shago a bakin layi, don matata ta ce tana son zama kusa da mahaifinta tunda ƙafa ta fara ba shi wahala. Ban taɓa ganin damina a can ba. Gidan surukina shi ne na ƙarshe a layin, bayansa fili, bayan filin babbar magudana. A filin nan hukumar ruwa ta ce za ta gina gidan famfo: rami mai zurfi inda ruwan sama zai taru, injina su zuƙe shi su tura magudana ta bututu.

Jita-jita ta riga ma'aikata isowa. Tela, maƙwabcin surukina, ya ce ya ji daga bakin wanda ya ji, duk gidan da ruwa ya taɓa kai wa taga, jan fenti za a shafa masa a rushe. Surukina da hannunsa ya ɗora kowane bulo na gidansa, ba shi da wani abu a duniya sai shi. Nan da nan layin ya ɗauki sabon yaɓe da fenti. Mutanen da ko ƙwan fitila ya mutu sai an yi shawara kafin a sauya.

Injiniyar da aka turo mace ce, da takalmin roba da doguwar sandar awo. Ta durƙusa ta gaida surukina a kan dakali.

"Baba, ruwan da ya fi kowanne yawa a nan, ina ya tsaya?"

Ya dafa gwiwarsa. "Nan, 'yata."

"Gwiwar Baba fa," in ji Tela, "kin ga shi ba dogo ba ne."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba, bangon take kallo.

"Baba, ba rushe gida na zo yi ba. Ofishinmu ba shi da awon ruwan kwarin nan, lokacin da aka yi taswira nan duk gonaki ne. Injinan a cikin ruwa suke aiki, babu abin da zai same su. Amma akwatin wutar da ke kunna su, in ruwa ya taɓa shi, magana ta ƙare. Abin da kuka faɗa mini, da shi zan san inda zan ɗora shi."

"Allah ya yi albarka. Gwiwa ne."

Tana juya baya surukina ya dubi Tela. "Ka ji ko? Wanda bai zo rushe gida ba, me ya kawo rushewa bakinsa?"

Ni abin bai kwanta mini ba. A ɗakin surukina akwai kanta da aka kafa can kusa da rufi, sai an taka kujera ake sauko da buhu. Mutum ba ya titsiye surukinsa da tambaya, sai na tari matata.

"Kantar Baba me take yi a sama haka?"

"Ɓeraye."

"Ɓerayen gidanku ba su iya hawa bango ba ne?"

"Kai dai ka yi waldarka."

Da injiniya ta kawo mini zanen ƙarfen, na ce mata, "Ranki ya daɗe, ni ban ga ruwan ba, amma fentin layin nan ya yi yawa."

"Na kankare bango da makulli, sabon siminti ne a ƙasa," ta ce. "Na bi gida gida, kowa gwiwa. Ko 'yan aji ɗaya ba sa haddace amsa haka."

"To a ɗaga akwatin mana."

"Na ɗaga, ga shi iya ƙirji. Na nemi a yi masa dandamali da matakala, sama da ƙofa. Shugabana ya ce ina shaida? Unguwa guda ta ce gwiwa, ni na ce raina bai ba ni ba. Zato ba ya shiga zane."

Tela ya hango mu muna magana. Kafin yamma na zama ɗan rahoton hukuma. Masu kawo mini gyaran ƙofa suka ɗauke ƙafa. In na gaida surukina sai ya amsa yana kallon sandarsa.

Na yi ƙarfen iya ƙirji kamar yadda zane ya ce. Aka haƙa rami, aka zuba kankare, aka sauke injina, aka ɗora akwati. Ruwan farko da na biyu suka zo, injina suka shanye su tas. Tela ya riƙa leƙowa shagona. "Mai walda, ina ambaliyar taka? Ko idon sawu bai kai ba."

Babban ruwan ya zo da hantsi, tsakiyar damina. Injinan suna ta gurnani, layin yana shanyewa, har magudanar baya ta cika ta fara amayo ruwa cikin kwarin. Ya wuce gwiwa. Ya wuce ƙugu. Ina tsaye a kan teburin aikina na ji gurnanin ya ɗauke ɗif. Daga nan babu mai cire ko cokali, sai ƙari.

Matata tana ihu, na kutsa gidan surukina. Na same shi tsaye a kan gado, ya rungume ƙarfen taga.

"Baba, hau bayana."

"Ba inda za ni. In na fita sun samu abin da suke so."

Ban tsaya gardama ba, na saɓa shi a kafaɗa. Ba mu kai bakin layi ba muka ji bangon baya ya zube. Sabon yaɓe ne a waje, bulon ciki ya sha ruwa shekara da shekaru. Ɗakuna suka bi shi, rufin ya zauna a kai.

Da ruwa ya janye injiniya ta dawo. Wannan karon ba ta tambayi kowa ba, taɓo ya ja layinsa a kan sabon fenti, sama da tagogi. Ta kafa sandarta ta auna. Sannan ta zo gaban surukina.

"Baba, dama haka yake yi?"

"Wani lokaci," ya ce, bai ɗago ba.

An sake zane, an yi dandamali da matakala, ni na yi waldar. Ba gidan da aka shafa wa jan fenti. Surukina bai yarda ba har gobe, yana cewa da gangan aka kashe injinan don a kore shi a ƙwace filin gidansa. Yanzu a ɗan ɗakin bayan shagona yake kwana, tsakanin rodi da tsofaffin ƙofofi, ƙarar injin yankan ƙarfe a kansa tun safe. Daga gidan, sandarsa kawai ya fita da ita.