Furar Sufuleyan

Kan Danda na cikin kaftani, hannu ɗaya ya sami hanya ɗayan yana lalube, sai ya ji an ɗaga labule.

"Mi kake yi, Malam?" in ji Zara'u, matarsa.

"Dubawa nake ko asu ya ci shi."

"Daga ciki ake duban asu?"

Ya fito da kansa da ƙyar, gumi na bin wuyansa. Kaftanin farar shadda ne, da wandonsa da hularsa, an ɗinka su tun shekarar da aka fara rubuta sunan Danda a ƙarƙashin na Alhaji Mutari a takardar zaɓe. Sau biyu tela yana buɗe masa gefe, domin tumbin Danda bai tsaya jiran majalisa ba.

Kowane depite, ɗan majalisar ƙasa, ana zaɓensa ne tare da sufuleyan, wato mutumin da zai hau kujerar in mai ita ya zama minista, ko ya yi murabus, ko ya koma ga Ubangiji. Babu albashi, babu mota, babu biron zama a majalisa. Aikin sufuleyan shi ne ya kasance da rai, kuma Danda mai sayar da kayan babur a kasuwar Gidan Amumune ya riƙe wannan aiki da gaskiya, zaɓe bayan zaɓe.

Yau da hantsi labari ya zo cewa Alhaji Mutari ya yanke jiki ya faɗi jiya a wurin ta'aziyya a Kanan-Bakashe, an kwashe shi zuwa asibitin Mayahi. Tun daga lokacin wayar Danda ba ta huta ba. Mutanen da suka shekara ba su gaishe shi ba suna tambayar lafiyar iyali, har wani ya kira shi Onorabul, sannan ya yi tari.

"Tashi ka tafi ka gano shi," Zara'u ta ce. "An ce Maradi za a wuce da shi."

"In na je, su ce na zo aunawa."

"In ba ka je ba, su ce kana gida kana gwada kaftani."

Danda ya dubi kaftanin, ya dubi ƙasa. Ta fita, ya ji ƙarar ludayi a ƙwarya, ta dawo da kula ta dire a gabansa.

"Fura? Zara'u, kin san abin da ake faɗi. Depite ba ya cin abincin gidan sufuleyan, don tsoron sammu."

"Depite ne ba ya ci. Mutari kam tun yana yawo da keken haya yake shanye mani fura a zauren nan. Ba za ka je wurin marar lafiya hannu na dukan cinya ba, ni ba a yi mani wannan tarbiyya ba."

Ɗan Azumi ɗan kabu-kabu ne ya ɗauke shi, sa'ansa, wanda suka yi makarantar allo tare, don haka bakinsa ba shi da linzami. Damina ta yi nisa, gero ya rufe hanya hagu da dama, babur na nutsewa cikin jiƙaƙƙen rairayi yana fitowa. Danda ya rungume kular a cinya.

"In ka hau, ka tuna da hanyar nan," Ɗan Azumi ya ce.

"Mutum bai mutu ba."

"Ni ma ban ce ya mutu ba. Na ce in. Kuma ina da farmin tuƙin mota, kar ka je Yamai ka ɗauko baƙo."

"Dubi gabanka."

Danda ya shiga yi wa Mutari addu'a a zuci. Da gaske yake yi. Sai dai duk sa'ad da ya kai tsakiyar addu'ar, sai ya tarar da kansa zaune a wani ɗaki mai sanyi, da abin magana a gabansa, yana gyara murya. Ya nemi gafara, ya koma farko. Kafin su fita daga gonaki ya koma farko ya fi a ƙirga. Ya sa aka tsaya don ya kama ruwa, bai ji komai ba. Ya ce a juya, ya ce a'a, a ci gaba.

A tashar Mayahi suka tsaya shan esansi, wato man babur, daidai jikin bangon da ake liƙa hotunan 'yan takara. Ba a taɓa ɓare na baya ba, sabo ake ɗorawa a kan tsoho, ruwan sama kuma ya yayyaga su, har mutum na iya karanta tarihin kujerar daga ƙasa zuwa sama. Can ƙarƙashi ga Mutari siriri, da Danda a gefensa kafaɗa da kafaɗa. Wannan zaɓen sun ci, Mutari bai gama sanin hanyar masallacin majalisa ba sojoji suka rufe ta. A na biyu Mutari ya bar jam'iyyar Rumbu ya koma ta Rijiya, daidai shekarar da jama'a suka bar Rijiya suka koma Rumbu, aka kayar da su har a akwatin unguwarsu. Na uku suka dawo Rumbu suka ci, aka yi ta raɗe-raɗin Mutari zai zama minista, Danda ya kai kaftani wurin mai guga, sai rediyo ya faɗi sunan wani mutumin Tasawa. A hoton ƙarshe fuskar Mutari ta cika takardar, ta Danda tana can kusurwa, ba ta fi tambarin wasiƙa ba.

"Zaɓe mai zuwa sai da tabarau za a gan ka," in ji Ɗan Azumi.

Harabar asibitin cike take. 'Yan jam'iyya sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin iccen bedi, ana shan shayi, ana magana ƙasa-ƙasa. Danda ya yi sallama. Aka amsa, amma ba fuskarsa ake kallo ba. Kular ake kallo. Ya rasa irin fuskar da zai sa: in ya ɓata rai sosai a ce ya fara zaman makoki, in ya saki a ce murna yake. Ya zaɓi wata a tsakani, wadda ta sa shi kama da mai ciwon haƙori.

Lamine, ƙanen Mutari, ya tare ƙofar ɗakin.

"Sannu da hanya, Malam Danda. Ka yi sauri."

"Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi. Da sauƙi ƙwarai." Ya jaddada kalmar kamar yana ba shi haƙuri. "Kai ka shiga. Wannan ta tsaya nan."

Daga ciki wata murya ta fito, a shaƙe amma ba ta rasa izza ba.

"Wa nake ji? Magajina ne? Ku bar shi ya shigo da kayan aikinsa."

Mutari na kwance, an ɗaura masa ƙarin ruwa, ba hula, furfura ta fito fili. Danda bai taɓa lura ya tsufa haka ba, a hoto kullum baƙin gashi gare shi. Hajiya Sakina, uwargidansa, na zaune a gefen gado da kwanoni jere a gabanta, duk a rufe, ba wanda aka taɓa.

"Zazzaɓi ne da tansiyo, jini ya hau," Mutari ya ce. "Ka yi haƙuri, Danda. Majo, babban malamin asibitin nan, ya ce wataƙila in tashi."

"Allah ya ba ka lafiya."

"Ka faɗa da ƙarfi, na waje ba su ji ba." Ya shaƙi iska. "Furar Zara'u ce wannan? Ina jin citta."

"Alhaji," Hajiya Sakina ta ce a hankali, "ga kunu na yi maka, ga romo."

"Tun jiya nake ganinsu. An ce in ci abin da raina ke so. Miƙo, Danda."

Ba wanda ya motsa. Kawuna sun taru a taga. Lamine ya shafa gemu ya ce, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, "To ai Malam Danda ya sha hanya. Ya fara jiƙa maƙoshi mana."

Kunnuwan Danda suka ɗau zafi. Shekara da shekaru yana yawon kamfanye ƙauye-ƙauye a kan babur ɗinsa, da esansinsa, an jefe shi a Kona, kare ya cije shi a wani gari da ya manta sunansa, yau ga shi za a sa shi ɗanɗana furar matarsa a gaban jama'a. Abin da ya fi ba shi haushi, ba shi da bakin yin fushi, domin ya san abin da aka kama shi yana yi ɗazu. Ya buɗe kular, ya cika kofi, ya ɗaga zuwa bakinsa.

"Ajiye," in ji Mutari. "Wa ya ba ka? Tawa ce."

Ya karɓi kofin da hannun da ba allura, ya yi bismilla, ya kafa kai. Maƙogwaronsa na hawa yana sauka, ɗakin tsit. Ya miƙo aka ƙara. Ya shanye na biyun ma, ya yi gyatsa, ya share gemu da bayan hannu.

Idanun Danda suka ciko. Ya sunkuya don ya karɓi kofin, Mutari ya riƙo wuyan rigarsa ya jawo kunnensa kusa.

"Kaftanin ya shige ka?"

Danda ya daskare.

"Telanmu ɗaya, wawa," Mutari ya ce, ya sake shi, ya rufe ido yana murmushi.

Bayan la'asar motar asibiti ta tafi da shi Maradi. Jama'a suka bi ta da addu'a har bakin ƙofa, sannan suka juyo, ɗaya bayan ɗaya suna ba Danda hannu, kowa na riƙewa ya ɗan jima. Lamine ne na ƙarshe.

"Mun gode da fura. Kowa ya ga ya sha. Kofi biyu."

Ɗan Azumi na zaune a kan babur yana sakace haƙori. Ya dubi kular da ba komai a ciki.

"Abokinka na sonka, Onorabul. Sai dai fa yanzu, in wani abu ya same shi cikin kwanakin nan, ko da mota ce ta buge shi…"

"Na sani."

"Ba kai kaɗai ba. Har Zara'u."

"Na ce na sani."

Ya tsaya yana kallon hanyar da motar ta bi. Ya fara addu'ar nan ta ɗazu, ya kai tsakiya yana jiran ɗakin mai sanyi ya bayyana. Bai bayyana ba. Addu'ar ta tafi sumul har amin. Ya kasa gane ko Mutari ya wanke shi ne ko ya ɗaure shi, sai ya tuna mutumin ya ci zaɓe uku, ba mamaki duka biyun ya yi da kofi ɗaya.

Ya ciro waya ya kira gida.

"Ya sha?" in ji Zara'u.

"Ya sha. Ji nan. Ki ɗauki kaftanin nan ki aika wa liman sadaka, ki ce a tara malamai a yi wa Mutari sauka. Yau, ba gobe ba."

"Har da wandon?"

"Har da shi."

"Hular fa?"

Ɗan Azumi ya tada babur, yana jiran Danda.

"Ki bar hular," Danda ya ce.