Jinkirin Nerio a Teburin Domino

Shekara goma sha huɗu ni da Nerio muna ɓangare ɗaya a teburin domino, wasan ƙwayoyi masu lamba, na gindin mangwaron Doña Chinca. Kowa a birninmu Marakaibo ya san ƙa'idar: in abokinka ya yi jinkiri kafin ya ajiye ƙwaya, gaya maka yake yana da irinta da yawa. In ya buga nan take, ita ke nan gare shi.

Kwatsam Nerio ya fara jinkiri a kan kowace ƙwaya. Ni kuwa in yi ta buɗe masa hanya, ashe hannunsa fayau. Lahadi biyar a jere abokan karawarmu, Eudo da surukinsa, suna lallasa mu. Raina ya ɓaci, har na fara neman wanda zai maye gurbinsa a ɓoye.

A Lahadi ta shida na fashe. "Haba mutumina! Duk wannan dogon tunani a kan ƙwayar biyar ɗaya tak?"

Ya zaro hannun hagun da yake dannewa da cinya, ya ɗora a tebur. Ƙwayoyi suka hau rawa.

"Ba tunani nake ba. Jikin ne ke yi mini gardama. Likita ta ce Fakinsin ne, ciwon rawar jiki."

"A shekara arba'in da uku?" in ji Eudo. "Ai wannan ciwon kakanni ne."

"To, ni ya ga dama."

Kunya ta rufe ni. Doña Chinca, wadda ta yi jinyar ƙanwarta da irin ciwon, ta dire farantin soyayyar ayaba. "Sha maganinka a kan lokaci. Ran Alhamis masu irin ciwonka suna taruwa su yi rawa, ka je. Kuma ka daina zama a kan hannu kamar kaza a kan ƙwai."

Aka yanke cewa daga ranar jinkirin Nerio ba ya nufin komai.

Lahadin gaba Nerio ya daɗe riƙe da ƙwayar shida, hannu na ɓari, kafin ya ajiye ta. "Yi a hankali, ɗan'uwa," in ji Eudo, cike da tausayi, ya kuma sake buɗe shida. Ashe Nerio na da irinta da yawa, ya yi ta sauke masa su ɗaya bayan ɗaya har wasa ya ƙare. Eudo ya riƙe kai.

Na raɗa masa, "Ciwon ne wannan, ko kai ne?"

"Je ka tambayi likita." Ya ɗauki ayaba, ya dube ni. "Wancan da ka nemo a bayan idona kuma, ka ce masa kujerar da mai ita."