Injin da Ba Ya Shan Mai

Tun safe teburin injin yake rawa, ita ma Injiniya ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta je gaban kwamfuta, ta dawo, ta tsuguna, ta miƙe. Shayinta ya huce a kan akwatin kayan aiki har ƙuda ya faɗa ciki.

Injin nan ba irin na da ba ne. Babu bel, babu giya mai haƙora. Tebur ne yake sulɓi a kan jeren maganaɗisu, ya ɗauko allon lantarki ya tsaya cak ƙarƙashin bakin huda, a huda, ya wuce. In ya kauce ko da kaurin gashi ne, allo ya tashi aiki. To yau da ya zo wurin tsayawa sai ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, gaba kaɗan, baya kaɗan. Kwandon shara har ya cika da alluna.

Manaja ya leƙo, hannu a aljihu. "Kafin a tashi ina son sanin abin da ya jawo, da wanda ya jawo. Wannan karon ba zan rufa wa kowa asiri ba."

Kowa ya san inda maganar ta dosa. Mutum ɗaya ne yake share injin da safe, wato Kawu, yayan mahaifiyar Injiniya, wanda ya yi mata hanyar aikin nan. Tun da aka kwashe tsofaffin injuna ake neman dalilin sallamarsa, shi kuwa ga iyali.

Don haka ta yi ta addu'a a ce matsalar wayar lantarki ce. Ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau. Ta rage ƙarfin wutar da ke tura teburin a kwamfuta, tebur ya yi sanyi amma bai daina rawa ba. Ta ƙara, ya kama kuka. Ta yi tsaki, ta ɗauko sukundireba ta buɗe murfin gefe, inda siririn gilashin awo yake. Ta layukan da ke jikin gilashin nan injin yake sanin inda ya tsaya. Ta shafa da yatsa, yatsan ya fito yana ƙyalli.

Mai ne. An bi gilashin da shi tun daga farko har ƙarshe, a tsanake, ba a tsallake ko'ina ba. Aikin mai son abu ne, kuma shi ya fi ɓata mata rai. Haushi ya kama ta, tausayi ya danne shi.

Ta goge gilashin tas, ta mayar da murfi. Tebur ya tafi fuu, ya tsaya cak.

"Mene ne?" in ji Manaja.

"Datti ne a gilashi, yallaɓai. Murfin ne ba ya rufuwa sosai, na gyara."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya. Ita kuma ta nufi bayan sito.

Can ta sami Kawu yana cika 'yar butarsa ta mai. "'Yar nan, ya mutumin naki? Tun jiya na ji sautinsa ya bushe, na ɗan taimaka masa."

"Kawu, don Allah kada ka sake sa masa mai."

"Wane irin inji ne ba ya shan mai?"

"Wannan. Ba abin da yake gugar wani a wurin. Man rufe masa ido yake yi."

"To me yake so?"

"Ba ya son komai, Kawu. A ƙyale shi kawai."

Ya dubi butar, ya goge bakinta da gefen rigarsa, ya rasa inda zai ajiye ta.

"To ni," ya ce a hankali, "in na zo da safe, me zan riƙa yi?"