Kar a Taɓa Tsakiya

Sarƙar ta iso gidanmu da ke unguwar Albarika a Parakou ranar Talata, cikin gwangwanin madara naɗe da tsumma, a hannun wani direba mai yin Djougou da Parakou. Ta kakata ce, Iya Saratou, mahaifiyar Babanmu. Mama ba ta gama kwance tsumman ba sai ga saƙo ya shigo wayarta daga Goggo Mariatou, ƙanwar Baba, wadda ke zaune da Iya a Djougou tun da idanun Iya suka fara yin yana.

Mama ta miƙo mini wayar. "Karanta, da ke ake."

Ga abin da Goggo ta rubuta: "Iya ta ce zaren ya tsufa, a sake shi, a gyara mata sarƙar ta yi kyau saboda salla. Bilkissou za ta kai, tunda ita ce mai karatun duwatsu. Amma kar a taɓa tsakiya."

Sau uku na karanta, ba don ban gane ba, sai don wajen nan na "mai karatun duwatsu". A gidanmu ba a cika aikena ba. An san halina: in aka ce in sayo gishiri, sai in tsaya a ƙofar shago ina maimaita abin da zan ce har mutum biyu su riga ni. Amma a shekarar na aro wani littafin Faransanci a lise, makarantarmu ta sakandare, mai hotunan duwatsu masu daraja, na haddace sunayensu, da hutu kuma na cika wa Iya kunne da su. Ashe tana ji.

Na shimfiɗa sarƙar a kan farar takarda. Gaskiya ba ta burge ni ba. Duwatsu shida ne dogaye, uku ta kowane gefe, launinsu kamar na daushen goro, da fararen layuka siri-siri a jikinsu. Duk sun dushe, bakin hudarsu ya cinye, ɗaya ma har da tsaguwa. A tsakiyar sarƙar kuwa akwai wani abu zagayayye mai kama da azurfa, da koren dutse a cikinsa yana ta walƙiya. Na ce a raina, lallai wannan ne Iya take ji da shi. Shi ne ba za a taɓa ba.

Washegari na hau zem, wato acaɓa, zuwa rumfar Malam Usuman, wani dattijo mutumin Tahoua mai sayar da duwatsun ado a bakin kasuwa. Na tarar yana zura zare a allura, gilashinsa a kan karan hanci. Na gaishe shi, na faɗi abin da na haddace tun daga gida, sai dai na faro daga ƙarshe. Bai yi dariya ba. Ya ce in zauna.

Ban taɓa ganin duwatsun littafina a fili ba sai ranar. Ya fito da su faifai-faifai: murjani ja, wani mai ruwan goro da rana ke ratsa shi, wani fari mai kamar madara. Na fara kiran sunayensu da Faransanci, shi kuwa ya bar ni na gama.

"To, madalla," in ji shi. "Amma dutse ba a sanin shi da suna. Ɗora wanga bisa kuncinki."

Na ɗora. Sanyi ƙalau, kamar an fito da shi daga randa.

"Yanzu wanga."

Shi nan da nan ya ɗauki ɗumin jikina.

"Na biyun roba ne. Na farkon dutse. Ke nan kin yi karatun shekara guda."

Ya koya mini in ɗaga dutse sama in duba cikinsa, in na ga 'yan kumfa to gilashi ne. Ya ce ba a zaɓen dutse a kan faifai, a kan fata ake zaɓensa, don wani dutsen yakan mutu a wuyan wata ya rayu a wuyan wata. Ina cikin haka idona ya faɗa kan wasu shuɗɗa masu ɗigo-ɗigon ruwan zinariya a ciki. Na jera su a wuyan hannuna. Fatata da ta Iya iri ɗaya ce, kowa yana faɗa. Da na gan su a jikina sai na ƙi sauke su.

Na ce, "Malam, a cire waɗannan tsofaffin guda shida, a sa shuɗɗan nan. Na tsakiyar kawai za a bari."

Ya ajiye allurar. Ya ɗauki sarƙar Iya, ya mirza ɗaya daga cikin tsofaffin da babban yatsansa, ya daɗe yana mirzawa.

"'Yammata, waɗanga kike so a cire? Tsakiya ce fa."

A nan ne ya kamata in tsaya, kuma ba zan ɓoye ba: na ji. Ya ja farkon kalmar ya yi tsawo, tsaa-kiya, ba yadda muke cewa tsakiyar ɗaki ba. Amma na ce wa kaina ai haka mutanen Tahoua ke magana, komai sai sun ja shi. Wayata tana cikin jaka, a kan cinyata. Shuɗɗan kuwa suna wuyan hannuna.

"Tu es sûre? Kin tabbata?" in ji shi. "Kira tsohuwar ki ji."

"Ita ta aiko ni," na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba. "Ta ce in zaɓa."

Ya dube ni ta saman gilashinsa. "To. In za ki bar mini su, ɗauki shuɗɗan, in haɗa miki da 'yan kunnensu, mun yi musaya."

Na fito rumfar ina jin na iya ciniki. Ko a raina ban tambayi kaina ba me ya sa mutumin da ya tsufa a cikin duwatsu zai ba da sababbi har da ƙari don ya karɓi dusassu.

Ranar Asabar, saura kwana biyu babbar salla, muka tafi Djougou kamar yadda muke yi kowace shekara. Sarƙar na cikin jakata, na naɗe ta da hankici sabo. Duk ramin da motar ta faɗa sai in taɓa jakar.

Mun sami Iya a tsakar gida, a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, Goggo Mariatou na tankaɗe a gefe. Da aka gama gaishe-gaishe, Baba da Mama suka shiga ciki, sai Iya ta miƙo hannu sama tana lalube.

"Ina Malamar? Zo nan, 'yar boko. Har yanzu ba ki yi ƙiba ba? Takarda kike ci?"

Na durƙusa, na sa mata sarƙar a tafin hannu.

Goggo ta leƙo. "Kai! C'est joli! Ta yi kyau! Iya, an mayar da ke yarinya."

Iya ta shimfiɗa sarƙar a cinyarta. Ta fara bi da yatsa daga ƙarshen zaren. Ta taɓa dutse na farko, ta wuce na biyu, na uku. Ta tsallake na tsakiyar ko tsayawa ba ta yi ba. Ta kai ɗaya ƙarshen, ta dawo.

"Mariatou."

"Na'am, Iya."

"Ina tsakiyata?"

Ita ma ta ja kalmar, daidai yadda Malam Usuman ya ja ta.

Na nuna koren dutsen, na manta ba ta gani. "Ga ta nan, Iya, ba a taɓa ba."

"Wannan? Wannan ai gilashi ne. Babanku ya sayo mini yana ɗan makaranta, na rataya don kar ransa ya ɓaci. Tsakiya nake tambaya. Duwatsuna."

Goggo ta saki rariya. Ita ce ta yi mini bayani, da Faransanci, da sauri-sauri, kamar mai gudun kada Iya ta ji: tsakiya sunan dutsen ne, irin wanda matan zamanin da suke sawa, tsofaffin nan guda shida. A baki kalmomin biyu ba su kama da juna. A rubuce ne suka zama ɗaya. Ni kuwa Hausa a gida nake jin ta, a waya nake karanta ta, ban taɓa jin Mama ta ambaci dutsen ba.

"Na uwata ne," in ji Iya, ba da ni take ba, ba kuma da Goggo ba. "Ubana ya kawo mata su lokacin da yake fataucin goro. Da su aka kai ni ɗaki. Mai tsaguwar nan, ke kika cije shi, Mariatou, kina fitar da haƙori."

Sai ta juya wajen da take jin numfashin Goggo.

"Na ce ki kira ki faɗa da baki. Kika ce rubutu ya fi sauri. Yarinya me ta sani? An rubuta mata, ta karanta. Ke da kika san abin, ke ce kika jefa shi cikin waya kamar kina aiken barkono."

Goggo, mace mai 'ya'ya huɗu, ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Iya."

"Yarinya ba ta da laifi," Iya ta sake cewa, ta dafa kaina.

Hannunta na kaina, na yi shiru. Ina so in ce na yi shiru ne don firgici, amma na san abin da nake yi. An ba ni mafita, na kuma shige.

Na zagaya bayan ɗaki na kira Malam Usuman. Ya gane muryata tun ban faɗi sunana ba. Ya ce ran Alhamis wata mata mai wucewa Gaya ta gan su, ta kwashe duka shidan, bai san sunanta ba, bai san gidanta ba. "Na ce ki kira tsohuwar," in ji shi. Bai faɗa da faɗa ba. Na ce e, haka ya faɗa.

Da la'asar na ga Goggo a madafa tana fere doya tana share ido da gefen zani. Ta ga ina kallonta, ta yi murmushi. "Kar ki damu, Bilki, ni ce na yi wauta." Har ta yanko mini ɗan mangwaro.

Ban iya ci ba. Na koma wajen Iya, na zauna a bakin tabarmar. Sarƙar na nan a cinyarta.

"Iya."

"Malama."

"Mai duwatsun ya faɗa mini." Na ci gaba don na san in na tsaya ba zan sake farawa ba. "Ya ce tsakiya ce. Na ji yadda ya faɗa. Ya ce in kira ki, wayar na hannuna, na ƙi. Shuɗɗan nake so. Ba laifin Goggo ba ne."

Wata kaza ta zo tana tsattsagar gefen tabarma, ba wanda ya kore ta.

"Kin kira shi yanzu?"

"Sun tafi, Iya. An saye su."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na jira ta zage ni. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

"Kira mini Mariatou."

Da Goggo ta zo, Iya ta ce, "Na yi miki faɗa a kan abin da ba naki ba ne duka. Ki yafe mini." Ban taɓa jin Iya ta nemi gafarar wani ba. Goggo ta dube ni, ta koma madafa.

Iya ta ɗaga sarƙar. "Wane launi ne?"

"Shuɗi. Mai duhu. Da ɗigon ruwan zinariya a ciki."

"Dutse ne dai?"

"Dutse ne."

Ta ɗora ɗaya a kuncinta, ta riƙe shi a wurin, sannan ta sauke. "Dutse ne," in ji ta. "Bai san ni ba kawai."

Ranar salla na ɗauka za ta bar ta a cikin akwati. Da muka dawo daga idi sai na tarar ta sa farin leshi, ta ce in zo in ɗaura mata. Sai da na gwada sau uku kafin zaren ya ɗauru. Ta kuwa yi mata kyau, ya fi yadda na zata a rumfar Malam Usuman, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Matan unguwa suka yi ta shigowa barka da salla. Kowace ta durƙusa sai idonta ya tsaya a wuyan Iya.

"Iya Saratou, wannan fa? Daga Makka?"

"Daga Parakou," in ji Iya. "Bilkissou ce ta zaɓa mini. Tana da ido."

Haka ta riƙa faɗa wa kowace, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ni ina zaune a bayanta ina amsa yabo. Ina kuma ganin hannunta: duk sa'ad da baƙi suka tashi, sai yatsanta ya hau wuyanta, ya bi na farko, ya bi na biyu, ya tsaya a na ukun yana neman tsaguwar, sannan ya sauko ya koma kan cinyarta.