Motar da Yaya Ya Bari

Ana gobe zai tafi aiki ƙasar waje, Yaya ya kira ƙanwarsa tsakar gida ya damƙa mata makullin motarsa. Auta suke ce mata a gida, ko da yake ta haura talatin, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti. Ya ce kwantiragin shekara biyu ne, ba ya son sayar da motar, kuma mota ba ta son zama wuri ɗaya, don haka ta riƙa hawa har ya dawo. Auta ta karɓa hannu biyu. Shekara shida ke nan tana turereniya a tashar bas da farar rigar aikinta a jaka, kuma lasin tuƙin da ta yi tun tuni bai taɓa fita daga aljihun jakar ba.

Watan farko daɗi ta sha. Tana isa wurin aiki ba gumi, mai gadi yana buɗe mata ƙofa da sauri. A wata na biyu ne wani jami'in hanya ya tsayar da ita, ya duba takardu, ya nuna mata da ɗan yatsa cewa sun mutu tun makon jiya. Ta biya tara. Washegari ta ɗauki hutu ta wuni a ofishin sabunta takardu, daga wannan taga a tura ta waccan, aka ce sai da inshora, mai inshora ya ce sai an gwada lafiyar motar, masu gwaji suka ce tayoyin gaba sun suɗe. Ta fito da yamma da takardu sababbi fil, albashin watan kuwa ya tafi rabi da ɗoriya.

Daga nan motar ba ta ƙara barin ta ta huta ba. Da damina ta kama, batir ya mutu. Bayansa birki ya fara kuka. Ta samu wani bakanike a bayan kasuwa, dattijo mai fara'a, wanda duk abin da ta kai masa sai ya kasa kunne, ya shafa gemu, ya ce ƙaramin abu ne. Ƙaramin abin nan bai taɓa zuwa shi kaɗai ba. A zo canja baƙin mai, a tarar wata roba ta tsage. A canja robar, a ji wani ƙarfe yana ƙara a ƙasa. Har ta san bencin garejin da ƙafarsa ɗaya ke rawa, ta san inda za ta zauna kada ya kayar da ita.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne dangi. Tun da makulli ya shigo hannunta ta zama direban gida. Umma, mahaifiyarsu, ita kam Auta ba ta jin nauyin kai ta ganin likita. Amma ga Goggo da ke son a kai ta duba jikoki can ƙarshen gari, ga Kawu da ke aron motar ran Asabar ya dawo da ita allurar mai tana kwance. Ranar da ya dawo da fitilar baya a fashe, cewa ya yi wani ne ya goge shi, ya miƙa makulli ya tambayi ko akwai ruwan sanyi. In Auta ta ɗan ɓata fuska, sai a tuna mata ai motar Yaya ce, ba tata ba.

Tana da wani ɗan kuɗi da take tarawa don kwas na ƙarin karatu, wanda in ta yi shi za a ɗaga mata matsayi. Ta taɓa shi sau ɗaya da niyyar mayarwa, ta sake taɓawa, daga baya ta daina duba abin da ya rage.

Shekara na zagayowa, a makon da takardu za su sake mutuwa, motar ta tsaya cak a tsakiyar shataletale da safe, hayaƙi na fita ta gaba. Masu motoci suka dame ta da ham, wani ya leƙo ya ce in ba ta iya ba ta koma gida. Sai da aka jawo motar zuwa gareji. Ta isa aiki ƙarfe goma sha ɗaya, marasa lafiya sun cika benci, shugabarta ta kalli agogo ta kalle ta, kallon da ya fi faɗa ciwo. Da yamma bakanike ya shafa gemu, ya ce wannan karon injin ne.

A kan bencin nan ta juya takardar kuɗin gyaran da ya rubuta mata, ta shiga tuna abin da motar ta ci tun daga tarar farko: mai, taya, batir, takardu, gyara. Ta haɗa sau biyu don ba ta yarda ba. Albashinta na wata huɗu ne cur, ban da injin.

Ran Lahadi da rana ta kira Yaya a waya, Umma na gefe tana ninke wanki tana jin su. Auta ta kwana biyu tana shirya maganar: ya ba da izini a sayar, ko a kai ta gidan wani a ajiye. Ta fara a hankali, ta ce motar tana cin kuɗi ƙwarai, ita kuma ƙarfinta ya kusa ƙarewa. Yaya ya ce ya gane, kuma ya ji kunya, bai kamata ta yi ta kashe kuɗi a kan abin da ba nata ba.

“An ƙara mini shekara uku a nan,” in ji shi. “Na bar miki ita, Auta, halak malak. Kin cancanta.”

Ta buɗe baki, Umma ta riga ta. Ta karɓe wayar tana sa masa albarka, kafin la'asar duk dangi sun ji. Goggo ta kira ta yi barka, ta ƙara da cewa ran Laraba tana da unguwa.

Auta ta je wurin wani dillalin motoci a ɓoye. Ya bi ta gareji, ya zagaya motar, ya buga taya da ƙafa, ya faɗi kuɗin da bai kai abin da ta kashe a shekarar ba, ya ce shi ma sai an gyara injin tukuna. Ba ta san yadda maganar ta isa gida ba. Ta dawo ta tarar da Umma zaune a bakin gado, fuska ba walwala.

“Ɗan'uwanki ya yi miki kyauta ko sati ba a yi ba, ki kai kasuwa? Da wane ido zan kalle shi?”

“Umma, ba ni da abin riƙe ta ne.”

Umma ta ce Allah zai hore, ta juya ta ci gaba da abin da take yi.

Aka gyara injin da ragowar kuɗin karatun. Auta ta rubuta wa makarantar da ta ba ta gurbin kwas ɗin ta nemi a ɗaga mata zuwa baɗi, suka amsa da layi biyu cewa sai ta sake nema daga farko. Ran Asabar Kawu ya zo da sassafe ya miƙo hannu. Ta ce masa ba mai a ciki, in zai zuba ga makulli. Ya dube ta kamar bai taɓa ganin ta ba, ya ce ashe haka abin duniya ke canja mutum, ya fita ko sallama babu. Umma ba ta yi mata magana ba har azahar. Auta ta ɗebo ruwa a bokiti ta fita wanke motar, don tsuntsaye sun ɓata gilashin gaba, tana gogewa tana tsaki.