Hannu Biyu

Shekara da shekaru jirgin ruwan yaƙin nan mai suna Hijikawa yana yawo daga gaɓar Sin zuwa tsibiran kudu, yau ya yi harbi, gobe ya kwaso buhunan shinkafa kamar jakin haya, har ya koma faci a kan faci. Ranar da kwanansa ya ƙare, da hantsi ne. Jiragen saman abokan gaba suka sako masa bam biyu, ya karkata.

Saje Heikichi abu ɗaya ne a ransa: Tamotsu, ƙanen matarsa, da ke aiki a ɗakin injin. Ranar da za su taso, matar tasa Shizu ta riƙe masa hannun riga ta ce, "Shi kaɗai ya rage mini. Ka dawo mini da shi." Ya ce to.

A bakin matakala ya tsince shi. Tururi ya saɓule masa fatar hannuwa, ko tsinke ba ya iya riƙewa.

"Yaya, ka ga an dafa ni babu gishiri," in ji Tamotsu.

"Rufe mana baki, shashasha. Jingina da ni."

Sun kusa kwalekwalen ceto ke nan sai ga Laftanar Kuwabara, jini ya wanke masa fuska, rungume da akwatin hoton Sarkin ƙasarsu. Doka ce a jirgin: hoton ke fara sauka kafin kowane mai rai, kuma ba a ɗaukarsa da hannu ɗaya.

"Saje! Karɓi. Hannu biyu!"

Kai, horo mugun abu ne! Kafin Heikichi ya yi tunani, hannuwansa sun riga sun bi umarni. Ya saki ƙugun Tamotsu, ya ɗaga akwatin sama da kansa. Jirgin ya ƙara karkata. Tamotsu ya kai hannu ga igiya, hannun ya ƙi damƙa, ya sulale cikin baƙin man da ya rufe teku. Ko ihu bai yi ba.

A jirgin da ya kwashe su, kyaftin ya rusuna wa akwatin, ya ce ko ɗigon ruwa bai taɓa hoton ba, iyalin Saje za su yi alfahari da shi. Har hutu aka ba shi, ya tafi gida zuciyarsa na tafasa da ƙin kansa.

Shizu ta buɗe ƙofa, ta leƙa bayansa, ta daɗe tana duba hanya.

"Ba ka kai gare shi ba ke nan, maigida?"

"Na kai," ya ce. "Har na riƙe shi a hannuna."